Yatsan Kaki Jamna

Shekara talatin da ɗaya Hukmaram ya yi yana koyarwa a makarantar ƙauyen Tilwani, kuma ko bayan ya yi ritaya babu wanda ya daina kiransa Mastaji, wato malam. Duk wanda ya bi ta hannunsa, ko ya manta lissafi, ba ya manta jimla ɗaya da aka cusa masa da bakin rula: dimokuraɗiyya a doka ita ce mulkin da iko yake hannun jama'a, su yi shi da kansu ko ta wakilan da suka zaɓa. Sauran kuwa, mulkin mutum ɗaya da mulkin 'yan tsiraru da na masu bindiga, a gefen allo yake jera su kamar sunayen cututtuka. Matarsa Sugna takan ce da jimlar nan ana dafa ta, da gidansu bai taɓa neman gero ba.

Cikin ɗalibansa babu wanda yake tinƙaho da shi kamar Girdhari. Shi ya haddace babin dimokuraɗiyya tun yana aji shida, shi ne kuma yanzu sarpanch, zaɓaɓɓen shugaban ƙauye. Ranar da ya ci zaɓe, kafin ya leƙa uwarsa sai da ya zo ya taɓa ƙafafun Mastaji, gaisuwar girmamawa irin ta garin. Tsohon ya yi mako guda yana ba da labarin a rumfar mai shayi, har mutane suka fara sauya benci in sun hango shi.

Ana nan sai maganar makiyaya ta taso. Wani kamfanin fasa dutse ya ƙyalla ido a kan filin da ke bayan tafki, inda awaki da raƙuman ƙauye suke kiwo tun kaka da kakanni. Filin na kowa da kowa ne, don haka kamfani ba zai taɓa shi ba sai da amincewar taron ƙauye. Taron kuma ba ya zama taro sai mutum ɗaya cikin kowane goma na masu ƙuri'a ya halarta. Sau biyu aka kira, sau biyu aka watse, domin mutanen Tilwani sun samo dabararsu: ranar taro kowa ya tashi da ciwon kai ko baƙo daga nesa.

Wannan dabara ta ƙona wa Mastaji rai. A ganinsa ragwanta ce, wai mutum yana da iko a hannu ya ɓuya bayan tulu. Yana cikin wannan fushi Girdhari ya zo masa da alewar madara, ya ƙi kujera ya zauna a ƙasa. Ya ce shi ma ba ya son filin ya tafi, amma manya a gunduma ba sa jin shiru, takarda suke ji. Mutane su zo su ce ba su yarda ba, a rubuta, a rufe maganar. Matsalar ita ce in shi ya kira su ba za su zo ba.

“Kai kaɗai za su ji, Mastaji,” in ji shi.

Sugna, da ke murza gurasa a bayan labule, ta yi tari sau biyu. Mijinta bai ji ba, ko ya ji ya ƙi ji.

Kwana tara Mastaji ya yi yana bin gida gida cikin rana, da lema da sanda. Gidan da ya fi ba shi wuya shi ne na Kaki Jamna, wato gwaggo Jamna, tsohuwa mai awaki arba'in, wadda mijinta ya rasu tun da daɗewa. Unguwar makiyaya kaf bakinta suke kallo. Ta ce ita ba ta san takarda ba, kuma ba ta son abin da za a shafa mata baƙi a yatsa. Ya yi mata bayani dalla-dalla: dangwalen na shaida ne kawai cewa ta zo, ba na yarda ba ne. A wurin za ta buɗe baki ta ce a'a, kuma a'arta daidai take da ta sarpanch, don a ƙasar nan jama'a su ne hukuma.

“Har ni?”

“Har ke, Kaki. Na ɗora hannuna a kaina, na rantse.”

Ta dube shi ta ce to, tunda shi ya faɗa.

Ranar taro farfajiyar majalisa ta cika har ƙarƙashin darbejiya ya rasa wurin tsayawa. Sakatare ya kafa tebur a bakin ƙofa da babban littafi da kushin tawada na dangwala yatsa. Mastaji ne ya fara sa hannu, da manyan baƙaƙe, a layin da aka nuna masa can ƙasa da tsakiyar shafin. Bai tambayi dalilin farin wurin da aka bari a sama ba. Mutum ɗari da arba'in ake nema, ɗari biyu da sha uku suka zo. Kaki Jamna ta miƙe ta yi magana da mayafi rufe da fuska, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba su ɗaga hannu, Mastaji ya ƙirga da kansa: kowa ya ɗaga in ban da mutum goma sha ɗaya. Girdhari ya haɗa tafukansa ya ce an ji muryar jama'a, sakatare zai rubuta da kyau a ofis. Ranar tsohon ya koma gida yana jin kansa kamar ango.

Mako uku bayan haka wasu mutane suka zo da mota suka fara kafa fararen duwatsun iyaka a filin bayan tafki.

Mastaji ya je ofis ya nemi littafin. Farin wurin nan ya cika da rubutu mai tsafta, irin wanda shi kansa zai ba maki goma cikin goma: mu da muka sa hannu a ƙasa mun amince baki ɗaya a ba da filin. A ƙasa sunansa ne na farko. Lamba ta bakwai kuma yatsan Kaki Jamna.

Girdhari ya taso zai taɓa ƙafafunsa, Mastaji ya janye su.

“Na ƙirga hannuwa da idona, Girdhari.”

“Hannuwan sun sauka, Mastaji. Littafin ne zai je gunduma.” Ya faɗa a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. “Kuma kai ka koya mana. Su yi da kansu, ko ta wakilan da suka zaɓa. Ni suka zaɓa. Kamfani zai yi mana titi, su ba su gane ba tukuna.”

“Ka turo ni gida gida.”

“Sau biyu na kira su ban samu ko hamsin ba. Ba don kai ba da har yau ina nan ina jira.”

Ya kuma aika a kawo shayi. Abin da ya fi cin Mastaji a hanyar gida shi ne yaron bai kuskure ko kalma ɗaya a jimlar ba. Ya ji an ci amanarsa, kuma ya ji kunya, don da ƙafarsa aka ci amanar wasu. Sugna ba ta ce ai ta faɗa ba, ta dai ajiye masa abinci ta fita tsakar gida.

Amma malami ba ya rasa babi na gaba. Ya binciko cewa in mutum ɗaya cikin goma suka nema a rubuce, dole a sake kiran taro, kuma taro zai iya ƙaryata takardar. Ya rubuta koken da hannunsa, ya cika shafin tun daga sama bai bar wurin da ko ƙuda zai sauka ba. Ya sayi kushin tawada sabo, ya ɗauki lema ya nufi unguwar makiyaya, don ya san in Kaki ta dangwala kowa zai dangwala.

Ya same ta tana karkaɗo wa awaki ganye a tsakar gida, tunda shingen waya ya riga ya zagaye rabin filin. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi tsinkakken nono mai sanyi. Ya karanta mata koken sau biyu, ya nuna mata babu fili a sama, ya ce wannan karon ba yadda za a yi a ƙara wani rubutu. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba. Ya buɗe kushin ya miƙa mata.

Kaki Jamna ta dubi tawadar, ta dubi fuskarsa. Sannan ta lanƙwasa babban yatsanta cikin tafin hannu, ta dunƙule, ta tura hannun ƙarƙashin mayafi.

“Ka sha nononka, Mastaji,” ta ce. “Rana ta yi zafi.”