Miyar da Mak Senah Ta Taɓa

Tun daga garinsu Muar Mak Senah ta fara raina otal ɗin, ba ta ko gan shi ba. Tana zaune a bayan motar 'yarta Lela, jaka a cinya, baki a taɓe, sai ka ce za a kai ta ta'aziyyar wanda ba ta ƙauna.

"Mak, don Allah yau ki sassauta," in ji Lela, idonta a kan hanya. "Abang Wan ya ce in kika ci girkinsa, zai zauna. In kika ƙi, zai amsa wa masu jirgin ruwan nan da suke nemansa. Kin san in ya hau jirgi sai dai mu riƙa ganinsa a waya."

"Ya hau mana. Wa ya riƙe masa ƙafa?"

Wan ɗin shi ne Ridzuan, ɗanta na fari. Mak Senah tana da rumfa a bakin kogi inda take sayar da asam pedas, miyar kifi mai tsami da yaji, kuma har daga Singapore mutane ke zuwa su tsaya a rana suna jiran kujera. Injin markaɗe bai taɓa shiga rumfar nan ba. A kan dutse take niƙa barkononta, a kan dutsen kuma ta raini Ridzuan don ya gaje ta. Sai ga shi rana ɗaya ya tattara ya tafi girki a otal ɗin wani wurin wasa, inda ƙattai ke biyan kuɗi a juya su a sama har su yi amai. Tun daga ranar ba ta ƙara sa wa bakinta abin da hannunsa ya dafa ba. Ko ƙwai ya soya mata ranar Sallah sai ta ce ta ƙoshi. Abin ya ci mata rai matuƙa, amma da ta ce ya ci mata rai gara ta haɗiye dutsen niƙan.

A ƙofar otal wata ƙatuwar kaguwa ta roba ce ta tare su, da hular direban jirgi a kanta, tana ɗaga hannu. Kyaftin Kaguwa sunanta wai. Wata yarinya mai murmushin da aka koya mata ta kama hannun Mak Senah ta ɗaura mata zare na roba, ta ce da shi za ta shiga duk gidan abincin da ranta ke so.

"Ni akuya ce da za ki ɗaure ni kafin ki ba ni ci?"

"Mak!" Lela ta ja ta gaba tana ba yarinyar haƙuri da ido.

Da yake sun riga lokacin da Ridzuan ya ba su, Lela ta ce bari su zagaya, ko tsohuwar ta ga abin da zai burge ta. Kuskure ne babba. Gidan abinci na farko Kogon 'Yan Fashin Teku ne, duhu ƙirin da tsakar rana, masu kawo abinci kowa ya rufe ido ɗaya da baƙin ƙyalle. Mak Senah ta ce ai dole, wanda zai kai wa mutane wannan kaza da ido biyu imaninsa ba zai bar shi ba. Na gaba kuwa wani saurayi ne tsaye a bayan faffaɗan ƙarfe mai zafi yana wulla ƙwai sama yana caɓewa da hularsa, mutane na tafi. Ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa.

"Uwar wannan tana raye?"

"Mak, sana'a ce."

"Sana'a. Abinci a kan gashi."

Sai gidan yara, inda ake danna shinkafa a cikin wani abu ta fito da siffar kaguwa, a sa mata ido da wake. Shinkafar da ta san wahalar dasa ta, ruwa har gwiwa, ita ce aka yi wa ido ana ɗaukarta hoto, yara su cinye ƙafa ɗaya su ture sauran. Ta yi tsaki mai tsawo har wani mai shara ya waiwayo.

Inda Ridzuan ke aiki shi ne na ƙarshe, shi ne kuma ya fi ba ta haushi. Ƙauyen Kaka aka rubuta a bakin ƙofa. An yi bukkoki a ƙarƙashin na'urar sanyi, an jera kajin roba a gindin bishiyar kwakwa ta roba, zakara na cara daga wani akwati a rufi ana dab da azahar. Ganyen ayabar da aka shimfiɗa a faranti ma na roba ne, a wanke a sake shimfiɗa wa wani. Mak Senah a ƙauye aka haife ta, ta san ƙauye wari ne da sauro da aiki. Wanda ya gina wannan kuwa ko kashin kaza bai taɓa takawa ba.

A dogon teburin da kowa ke ɗiba da kansa ta hango sunan miyarta a jikin wani tire. Ta matsa ta leƙa. Ruwa ne fari-fari mai ɗan ja-ja, kifin ya dagargaje, ga gutsattsarin abarba na yawo a kai. Abarba! Wata Baturiya ta ɗanɗana tana fifita baki da hannu, wai yaji. Mak Senah ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Don wannan ɗanta ya bar dutsenta.

Suna zama sai ga shi ya fito, farar hula doguwa a kansa. Ya durƙusa ya kama hannunta ya kai goshinsa. Ta ga tafukansa sun yi jawur, sun kumbura, ta ce a ranta sabulun otal ne, Allah ya ƙara. Ya koma ciki ya dawo da kwano rufe da shinkafa a gefe, ya ajiye a gabanta da hannu biyu.

"Mak, bismillah."

"Wannan hular fa? Gwamna aka naɗa ka, ko tsoron ruwan sama kake a cikin ɗaki?"

Ya yi 'yar dariya ta dole ya buɗe kwanon. Ita ko kallon ciki ba ta yi ba, idonta na kan kajin roba.

"Mak, wannan ba irin..."

"Na ga inda ta fito. Na ga abarbar. Ka kai wa waccan matar, ga ta can tana kuka."

"Ki saurare ni mana, Mak."

"Na saurare ka ranar da ka ce za ka koyi girki na zamani. Ga zamani na gani. Kaguwa da hula, ɗana da hula. Lela, tashi mu tafi, ina da kifi a gida."

Lela ta riƙe mata hannun riga, hawaye ya cika idonta, Mak Senah ta fizge. Ta rataya jaka ta juya. Har ta yi taku sai ta ji muryarsa a bayanta, can ƙasa.

"Mak. Kempunan."

Ta tsaya cak. Duk wanda aka raina a gidanta ya san wannan: ba a ajiye maka abinci ka tashi ka kama hanya ba ka ko taɓa shi ba, in ba haka ba masifa na jiranka a gaba, faɗuwa ko haɗari ko saran maciji. Ita da kanta ta sha bin Ridzuan da faranti har bakin titi, yana sauri zai makara makaranta, sai ya tsinci ƙwayar shinkafa ya kai baki sannan ta sake shi. Ga shi yau ya kama ta da nata, ga doguwar hanya a gabansu, ga Lela ce mai tuƙi.

Ta dawo. Ridzuan ya yi saurin miƙa mata cokali, fuskarsa ta washe. Ba ta karɓa ba. Ta miƙa yatsa ɗaya ta tsoma a bakin miyar, ta ɗaga, ta shafa a maƙogwaronta ta waje, yadda ake yi a gidan baƙo in ba a yarda da tsabtar matar gidan ba. Al'ada ta cika, ba wanda zai ce ba ta taɓa ba. Amma shi ɗan Muar ne, ya san bambancin harshe da wuya. Ya ajiye cokalin a hankali, ya mayar da murfin kwanon, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Mak." Wata mai hidima ta miƙo mata jiƙaƙƙen tawul mai ƙamshin turare ta goge hannu, ta ce a bar wa kajin.

A mota Lela ta kafa ido a kan hanya. Mak Senah ta zauna daram, ta gamsu da kanta, har suka hau babbar hanya. Sai ta kai hannu za ta gyara mayafi, ƙamshi ya bugi hancinta. Ta dubi yatsan. Miyar ta bushe a gefen farce, ja mai duhu, ba irin fari-farin da ta gani a tire ba. Ta saci kallon ƙeyar Lela, sannan ta kai shi baki.

Tsamiya ce ta fara zuwa, sai yajin ya biyo a hankali ya zauna a bayan harshe. Babu abarba. Akwai ɗan tsakin barkono da dutse kaɗai ke bari, inji ba ya barinsa. Akwai furen citta, wanda aka jefa bayan an sauke tukunya, sirrin da ba ta taɓa nuna wa kowa ba sai mutum ɗaya. Ta tuna tafukan nan jajaye masu kumburi. Ba sabulu ba ne. Haka nata suke yi in ta wuni tana niƙa, kuma nasa sun daɗe da mance dutse.

"Lela, juya motar."

"A nan? Babu wurin juyawa sai mun yi nisa, Mak."

"To kira shi. Ki ce masa... ki ce gishirin ya yi daidai."

Lela ta dube ta ta madubi.

"Ya turo saƙo tun muna wurin ajiye motoci. Ya amsa wa masu jirgin."

Mak Senah ta dubi zaren robar da ke hannunta har yanzu, da kaguwar na mata murmushi a jiki. Ta mayar da yatsan baki, ta riƙe shi a nan har ɗanɗanon ya ƙare.