Karkarwar Hannun Baba

Shekara ashirin da uku na yi ina aikin jinya, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na son a koya mini aikina. A asibiti Sista Zinariya ake ce mini. A gida kuwa ƙanwata Uwani ta raɗa mini Babbar Likita, ba kuma don yabo ba. Na faɗi wannan tun farko ne don a san irin matar da ta aikata abin da zan ba da labari.

Mahaifinmu makaɗin kalangu ne. Mailafiya ake kiransa, gidansa na cikin wani lungu bayan Ƙofar Wambai. Tun yana saurayi yake yi wa mahauta kiɗa, amma koyarwa ce ta fi fito da sunansa. Kullum bayan la'asar za ka tarar da mutum biyar ko shida a zaurenmu, kowa da kalangu a hammata, Baba na tsakiya ya runtse ido yana saurare. Ba ya duka, ba ya tsawa. In mutum ya yi kuskure sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Me ka ce? Ban ji Hausarka ba." A wurinsa kalangu magana yake yi, kuma wanda bai iya sa shi ya yi magana ba, hayaniya kawai yake damun unguwa da ita.

Ni ma ya koya mini. Ina 'yar shekara biyar ya ɗora mini kurkutu, ƙaramar gangar da masu koyo ke farawa da ita, duk da surutun matan gida cewa me ya haɗa mace da kiɗan maza. Kuma kamar yadda kowane babban mahauci yake da takensa, wato ɗan kiɗan da in an buga kowa ya san da shi ake, ni ma Baba ya yi mini nawa. A cikin gida yake kaɗa mini in na dawo daga makaranta.

Sau ɗaya ya taɓa fita da shi waje. Ina aji huɗu na zo ta ɗaya, aka gayyaci iyaye ranar ba da kyauta. Ashe Baba ya ɓoye kalangu a cikin babbar riga. Ana kiran sunana ya miƙe ya saki kiɗa. Iyaye suka yi ta dariya da tafi, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari babu wanda ya kira ni Zinariya a aji, sai 'yar maroƙa. Na dawo gida na jefar da jakata a zaure, a gaban ɗalibansa na ce masa, "Kada ka ƙara kaɗa mini wannan abin. Kunya kake ba ni."

Ya dube ni, ya ce, "To, Zinariya."

Bai ƙara ba kuwa. Ni ma ban sake taɓa kurkutu ba. Shekarata tara a lokacin, ko haihuwar Uwani ba a yi ba. Da na girma, ban da sanin cewa an taɓa yi mini take, ko sauti ɗaya nasa bai rage a kaina ba, kuma ban taɓa jin na yi asarar komai ba.

Ciwon ya soma ne shekara guda bayan rasuwar Innarmu. Da farko dariya muke yi. Ya tafi masallaci ya dawo da takalman liman. Ya ci tuwo ya wanke hannu ya tambaya yau ba za a ba shi abinci ba ne. Dariyar ta ƙare ranar da ya fita da safe wai zai je kwata wurin mahauta, aka wuni ana nemansa, sai dab da magariba wani mai shayi ya gane shi zaune a bakin titi a Ƙofar Nassarawa, babu hula. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, irin na tsufa, ba shi da magani sai kulawa. Uwani ta kwaso kayanta ta dawo gidan. Ni kuma kullum in na tashi daga aiki sai in biya kafin in wuce gidana a Goron Dutse.

Sunayen ɗalibansa ne suka fara tafiya, sannan na maƙwabta, sannan namu. Uwani ya mayar da ita Inna. Ni kuwa in na shigo sai ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Wa kike nema?" Uwani ta saba, har amsawa take yi in ya kira ta da sunan Inna. Ni na kasa. Abu ɗaya nake so a duniya a wannan lokacin, Baba ya gane ni ko sau ɗaya ne kafin ya tafi. Kullum sai na durƙusa a gabansa na yi masa jarrabawa. "Baba, dube ni da kyau. Wace ce ni?" Sai ya yi murmushin ba-ni-da-amsa, irin na ɗalibin da bai yi karatu ba, ni kuma in tashi raina a ɓace kamar da gangan yake yi.

Ni ce kuma na sa aka ɗauke kalangunsa daga ɗakin. Na ce tsohon da ke bakin kabari carbi ya kamata a gani a hannunsa. Uwani ta ce, "Yaya, ko kallonsa ne ai yana yi." Na ce mata in ta ƙara ilimi a kaina sai ta faɗa mini. Aka kai shi ɗakin ajiya aka rataye kusa da tsofaffin tukwane.

A shekara ta uku maganar ma ta ɗauke. Sai kallo. A nan ne karkarwar ta fara.

Ina shiga ɗakin sai in ga yatsun hannunsa na dama suna bugun gwiwarsa, gwiwar hannun hagu kuma tana matse haƙarƙarinsa tana saki. Zai yi, ya tsaya, ya zuba mini ido, ya sake. Na auna jininsa, na duba ƙirjinsa ko ciwo ne yake sa shi matsewa, ban ga komai ba. Na sa masa carbi a hannu, ya sake shi ya faɗi. Na sayo masa ƙwallon roba mai laushi ya riƙa matsawa, ita ma ta gangara ƙarƙashin gado.

Wata rana Uwani ta ce, "Yaya, na lura da wani abu. Sai kin shigo yake yi. In ni ce, ko maƙwabta, lafiya lau yake zaune."

Maganar ta soke ni, amma ban nuna ba. Washegari na kafa wayata a kan kujera na ɗauki bidiyonsa, na kai wa wani likita a wurin aikinmu. Ya kalla ya ce ba mamaki tashin hankali ne, akwai masu irin wannan ciwon da in suka ga fuskar da suka kasa tunawa sai su rikice, a dai rage musu abin da ke tayar musu da hankali. Shi "ba mamaki" ya ce. Ni ce na mayar da shi hukunci.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa Uwani ba ita ce, na ji sanyi a raina. Na gaji da durƙusawa gaban mutumin da bai san ni ba. Ga shi an ba ni dalili mai kyau, na asibiti, wanda babu mai musa mini. Na rage zuwa daga kullum zuwa Juma'a kaɗai. In na zo ma ba na shiga. Sai in ajiye magani da lemo, in ɗaga labule kaɗan in leƙa ta inda ba zai gan ni ba. Zan hango shi zaune shiru, hannayensa kwance a cinya, in ce wa Uwani, "Kin gani ko? Ya samu natsuwa."

Wata huɗu muka yi a haka. Ranar wata Talata da hantsi, ina cikin raba magani, Uwani ta kira ni. Kafin adaidaita ta fitar da ni daga cunkoson kasuwa har an rufe masa ido.

Ranar sadakar uku Nata'ala ya iso daga Legas. Shi ne babban ɗalibin Baba, a gidanmu ya tashi, shekara talatin ke nan yana can yana yi wa mahautan Agege kiɗa. Da yake ɗan gida ne, bai tsaya a waje wurin maza ba, ya yi sallama ya shigo tsakar gida. Gemunsa ya yi fari fat. Ya zauna a bakin tabarma ya yi addu'a, ya share ido da hularsa, sannan ya ce, "Zinariya, yaya ƙarshen Baba ya kasance? Ya sha wuya?"

Ni kuma, da yake ba na rasa bayani, na shiga yi masa lacca. Na ce babu wuya sosai, sai dai wata karkarwa da ta dame shi, amma mun gano dalilinta mun magance. Har na ciro waya na ce bari ma ya gani da idonsa.

Ya karɓa ya nisanta ta da fuskarsa, irin kallon masu tsufan ido. Bai yi nisa ba na ga ya daina motsi.

"Mayar da shi farko," in ji shi.

Na mayar. Sai na ga yatsunsa sun fara bin na Baba a kan tasa gwiwar, bugu da bugu, gwiwar hannunsa na hagu tana matse haƙarƙari daidai inda ta Baba ke matsewa. Uwani ta ajiye kwanon da ke hannunta ta matso.

"Wa ya ce miki karkarwa ce wannan?"

"Yaya Nata'ala, aikina ne fa."

"Wannan kuma nawa ne," ya ce, ba da faɗa ba. "Kalangu yake kaɗawa. Ba ki ga hannun hagu ba? Igiya yake matsewa yana saki." Ya sake bin bugun, wannan karon yana furtawa a hankali. "Ta Baba ta dawo. Ta Baba ta dawo. A ba ta wuri ta zauna." Ya ɗago ya dube ni. "Takenki ne, Zinariya. Ba ki gane shi ba?"



Uwani ce ta yi magana. "Sai ta shigo yake yi. Wallahi sai ta shigo."

"To ai nata ne," in ji Nata'ala. "Bai taɓa kaɗa wa kowa shi ba. Ni kaina ya hana ni taɓa shi tun ranar nan da kika jefar da jaka." Bidiyon na ci gaba a hannunsa. Ya nuna da ɗan yatsa. "Kin ga nan da ya tsaya yana kallonki? Amshi yake jira. Shi ya yi nasa, ke ki amsa da kurkutu. Haka kuke yi kullum."

Mu uku muka zuba wa wayar ido. Baba ya tsaya, yatsunsa a sama, idonsa a kan ƙofa inda nake tsaye. Sai ga hannuna ya shigo daga gefe, da agogon aikina da komai, ya danne nasa a kan gwiwa. Muryata ta fito sarai, muryar da nake yi wa marasa lafiya masu taurin kai.

"Baba, bari mana. Ya isa haka."

Nata'ala ya kife wayar a kan tabarma.

Ban yi kuka ranar da Baba ya rasu ba, ni ce ma mai ba mutane haƙuri. Ranar nan kuwa sai da matan da suka zo gaisuwa suka riƙe ni. Suna ta cewa in yi haƙuri, kowa zai tafi. Ba tafiyarsa nake wa kuka ba. Shekara uku ina roƙon Allah Baba ya gane ni, ashe ya gane ni, yana yi mini maraba da harshen da ya rage masa, ni kuma na kai shi ƙara wurin likita. Ya ce a ba ni wuri in zauna, na koma bayan labule. Wata huɗu yana zaune hannayensa kwance a cinya, ina kiran abin natsuwa.

Da yamma, da mutane suka ragu, na tarar da Nata'ala a zaure yana shirin tafiya masaukinsa. Na ce, "Yaya, amshin fa? Yaya yake?"

Ya durƙusa ya buga a kan tabarmar da Baba ke zama. Bugu uku ne kacal, biyu a jere, ɗaya a baya. Yarinya 'yar shekara biyar ta iya shi.

Uwani ta sauko da kalangun daga ɗakin ajiya, muka ba Nata'ala ya tafi da shi, don gara ya zauna a hannun wanda zai ji Hausarsa. Bidiyon kuwa yana nan a wayata, daƙiƙa arba'in da bakwai. Wani lokaci in na samu sarari a wurin aiki nakan shiga ɗakin hutawa in rufe ƙofa in kunna. Baba ya kaɗa, ya tsaya, ya dube ni. In yi sauri in buga masa ukun nan a kan tebur, biyu a jere, ɗaya a baya. Yanzu na iya, ba na kuskure. Amma duk saurina, a cikin wayar hannun nan nawa sai ya shigo ya danne nasa.