Jar Rigar Rivoallan

Ana ɗaura wa Rivoallan jar rigar kotu mai farin gashi a kafaɗa Ginette Morvan ta banko ƙofar, da ƙarnin kifi a mayafinta da gajiyar jirgin ƙasa a ƙafafunta.

Tun Gaspard Rivoallan yana ƙaramin mai gabatar da ƙara a Quimper take bin sa. Shi ya rufe binciken mutuwar ɗanta Yannick, wanda igiyar jirgin kamun kifi ta tsinke ta ja shi cikin teku. Kowa a tashar jiragen ruwan garinsu ya san igiyar ta ruɓe, ya kuma san an faɗa wa mai jirgin. Rivoallan ya ce tsautsayi ne. Da ta koma ofishinsa, aka ce ya samu ƙarin girma, yana Rennes. Ta je Rennes, aka ce ya wuce Lyon. Duk garin da ta sauka sai ta tarar da kujerarsa da ɗumi, shi kuwa ya ƙara gaba. Ga shi yau a Paris, a babbar kotun ƙasa, inda babu sauran wurin hawa. Wa'adin sake buɗe shari'ar kuma yana gab da cika.

"Madam, ba a shiga nan," in ji matar da ke gyara masa riga.

"Ai kuwa an shiga. Ke matsa."

Rivoallan ya juyo. Ya tsufa, wuyansa ya saki. Hakan ya ba ta haushi, domin saurayin nan mai santsin fuska ta zo yi wa masifa.

"Madam Morvan," ya ce a hankali.

"Au, ka san sunan? Ranka ya daɗe, na cinye takalma ina bin bayanka. Ni ban yi makaranta ba, amma na san ruɓaɓɓiyar igiya. Ka ce a buɗe maganar ɗana."

"Zauna, don Allah."

"Na zauna a Rennes, na zauna a Lyon. Gindina ya gaji."

Ya dubi ƙofar zauren, inda alƙalai ke jeruwa cikin ja da baƙi. Ya shafa gashin kafaɗar rigarsa, ya sake shafawa.

"Taron nan na sallamata ne. Tun jiya na miƙa aiki. Ko da ina kan kujerar, daga nan ba ni da ikon taɓa shari'ar. Maganar tana hannun mai gabatar da ƙara na Quimper."

"Quimper?" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Inda na fara? Wato duk hawan nan da ka yi, hannunka gajarta ya yi ta yi?"

Matar rigar, don ta sassauta zancen, ta ce ai maigida ma can yankin zai koma, ya sayi ɗan gida a bakin teku kusa da tashar jiragen ruwa, zai huta.

Ginette ta tsaya cak. Ta dube shi tun daga takalmi har farin gashin, sannan ta gyara mayafinta.

"Kusa da tasha? Kasuwar kifi ɗaya ce a wurin, ranka ya daɗe. Teburina ne na farko in ka shigo."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ya nufi zauren, rigar tana jan ƙasa. Ita kuwa ta sauka matakala da sauri, kada jirgin ƙasan Quimper ya tashi ya bar ta.