Laifin Tayarod

"Girgiza! Hagu da dama, a hankali. Sitiyari ne, ba wuyan surukarki ba."

Tsohuwa ta girgiza. Tana zaune a kujerar direba, ƙafafunta na lilo, mijinta Mai Jif kuwa yana kwance a ƙarƙashin motar a kan kwali. Ya ɗora tafinsa a kan tayarod, sandar nan da ke kai saƙon sitiyari ga tayoyin gaba. Tun tana amarya aikinta ke nan duk ranar gyara: ita ta girgiza daga sama, shi ya saurara da hannu daga ƙasa. Tuƙi kam bai taɓa koya mata ba.

"Kin ji? Ƙwas, ƙwas. Kan ya cinye, wasa yake yi."

Ba ta ji komai ba. Ta san yadda sitiyari yake in kan tayarod ya mutu: sai ka juya, ka ƙara juyawa, kafin taya ta san da ita ake. Yau yana nan daram.

"To," ta ce.

Duk layin an san abin da ya faru a makon jiya, sai dai ba a zancen a gabansa. Tsohuwar jif ɗin nan, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana hawan duwatsu da ratsa rafi da kayan masu haƙar rijiya, ita ce ta kasa wuce teburin tela a titi shimfiɗaɗɗe. Keken ɗinki ya tuntsura, tela ya tsira da takalmi ɗaya. Matar mai wanki ta ce har uwarsa telan ya kira, amma kun san bakinta. Da labari ya isa ga babbar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya, sai ta zo ta kama hannun uban, ta daɗe tana kallo. Ta ce yau da yamma za ta dawo karɓar makulli. Shi kuma ya ce laifin tayarod ne, kafin ta zo zai gyara ya nuna mata.

Ya ɗaga motar da jak, ya cire taya yana nishi. Ya zare ƙaramin fin ɗin da ke hana noti kwancewa, ya sassauta notin, ya shafa ɗigon fenti a zaren ƙarfen don sabon ya tsaya daidai inda tsohon ya tsaya. Sannan guduma. A da, duka ɗaya yake yi a gefe, kan tayarod ɗin ya faɗo. Yau ya daki ƙarfe, ya daki iska, ya daki babban yatsansa.

"Sannu, Direba."

"Ki bar sannun nan, miƙo sifana."

Da kan ya fita, ya miƙa mata ta jefar. Ta juya shi a hannu. Robar ba ta fashe ba, giris ɗin ciki ko datti bai yi ba, ƙwallon ƙarfen da ke juyawa a ciki kuwa sai da ta sa ƙarfi kafin ya motsa. Ta sa shi a bokitin bayan ƙofa, inda 'yan'uwansa na watannin baya suke kwance, duk lafiyarsu ƙalau.

Sabon ya shiga, noti ya ɗauru. Saura fin. Ramin bai fi na allura girma sosai ba. Ya kai, ya kuskure. Ya sake kaiwa, fin ya faɗi cikin ƙasa. Tana tsaye tana kallon yatsun suna kaɗawa.

"Kin tare min haske."

Ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, ta tsinci fin ɗin ta zura, ta lanƙwasa bakinsa.

"Ni ma da ƙyar na gani," ta ce.

Ya mayar da taya, ya ce ta shigo su gwada. Suka hau titi. Motar ta ɗan ja dama, ya fizgo ta, ta ja hagu. Tsohuwa ba titi take kallo ba, hannunsa take kallo. Can gaba tela ya hango su. Bawan Allah ya rungumi kan kekensa ya shige shago da baya, ya bar wata da yake aunawa tsaye da hannu a sama, da jariri a bayanta.

Mai Jif ya taka burki tun da nisa. Ya gangara gefe, ya kashe inji. Ƙarfe ya fara hucewa.

"Kayan yanzu duk jabu ne," ya ce.

"Duk jabu."

Ya zare makullin, ya sa mata a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai.

"Ki ajiye a wurinki har a shigo da mai kyau. Kada ki ba yarinyar nan, ta ga kamar ita ta ci."

"Motar fa?"

"Ta sha kwana a daji. Titi ba zai cinye ta ba."

Suka kama hanyar gida a ƙasa. A bakin kwata ta riƙe hannunsa, wai ƙafarta ce ke ciwo. Hannun yana ta rawa a cikin nata, ba ta ce ta ji ba.