Sauti na Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da shida ina gyaran kayan sauti a shago ɗaya, tsakanin wani tela da wani mai yanka makulli, kuma sai da na tsufa sannan sana'ata ta dawo yayi. Da can mutane kan kawo mini rikoda suna roƙon in raba ta da shuu da rawar murya. Yanzu samari ke shigowa da gashi a tsaye suna roƙon in mayar musu da su. Wai wani kiɗa ne ya fito, sintiweb suke ce masa, kuma duk wanda zai fitar da sabuwar waƙa sai ya sa ta yi kamar daga ƙarƙashin gadon kakarsa aka tono ta. Kiɗan da muka yi muna samari aka kira mu 'yan iska, shi ne yau ake manna masa hoton faɗuwar rana da jar mota ana ta yabo. Ni dai ba na musu da kowa. Ina sassauta musu robar da ke juya kaset don sautin ya riƙa karkarwa, su tafi suna zuba godiya kamar na ba su gado.

Cikin masu wannan kiɗa har da 'yar yayana. Kanari muke ce mata, ubanta ne ya sa mata sunan tun tana goye, don ko kuka take yi sai ka rantse waƙa ce. Tana da shekara uku ya rasu. Makaɗin kibod ne, sun yi shekaru suna wasa a otal-otal da ɗakunan taro shi da abokansa, amma babu wanda ya taɓa tunanin naɗar kiɗansu. Kaset ɗaya da suka yi da kansu, ruwa ya cinye shi a shekarar da rufin ɗakinsa ya yi yoyo. Don haka yarinyar nan ta girma ba ta san muryar ubanta ba, ba ta san hannunsa ba, sai hotuna biyu da labarin da muke ba ta.

Wata ranar Talata da hantsi ta sauko daga tasi rungume da wani dogon abu a naɗe cikin zanen gado. Tun kafin ta kwance na gane shi. Kibod ɗin Yaya ne, wanda mamanta ta ɗora a kan kwaba ta hana kowa taɓawa sama da shekara ashirin. Ta ce albam ɗinta na farko ya kusa, waƙa tara sun kammala, saura ta goma, wadda ta rubuta wa ubanta. Sai da ta yi wata uku tana lallashin maman kafin ta yarda a sauko da shi.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Irin wannan kibod ba ya zuwa da sautin da za ka ce naka ne. Kai za ka zauna kana murɗa wannan, kana tura wancan, kwana da kwanaki, har ka samu abin da kunnenka ke nema, sannan ka ajiye shi a ƙarƙashin lamba. Wani ɗan batir kamar maɓallin riga ne ke riƙe da duk abin da ka ajiye. Ranar da ya mutu ko aka cire shi, komai ya tafi. Yaya ya cika lambobi talatin da biyu da hannunsa, ya rubuta sunayensu a 'yar siririyar takarda ya manna a sama: "ruwan sama", "jirgin ƙasa", "mai fushi", da sauransu. A gaban lamba goma sha bakwai ya rubuta "na Kanari". Da shi yake sa ta barci.

Muka jona wuta, ta danna goma sha bakwai, ta ɗora yatsu uku. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Sautin kan fara daga nesa, a hankali, ya taso ya cika ɗaki, in ka ɗaga hannu kuma ba ya yankewa, sai ya yi wata 'yar rawa a ƙarshe kamar ajiyar zuciya. Tela ya tsayar da kekensa. Ni kuwa na juya na yi kamar ina neman sukudireba, don ban so ta ga idona ba.

Amma akwai ƙugi a bayan sautin, lambobin da ke kan ɗan gilashin fuskarsa kuma suna ƙyaftawa, alamar batir ya kusa mutuwa. Ni na sa masa wannan batirin, wata biyu kafin Yaya ya kwanta ciwo. Kanari ta zaro waya za ta ɗauka.

"Ajiye wayar nan," na ce. "Da wannan ƙugin za ki ɗauki sautin ubanki? Ba ni kwana biyu, ki kai shi situdiyo ki ɗauke shi tas."

"Baffa, ko na minti ɗaya ne."

"Tun ba a haife ki ba nake buɗe cikin kibod ɗin nan. Je ki, jibi ki dawo."

Ta yi dariya ta mayar da wayar jaka. Yarinya ce mai jin magana, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har gobe.

Aikin ba shi da wuya. Kafin ka cire batir sai ka kwashe sautukan ka zuba a kaset. Kibod ɗin kan fitar da wani ƙiii mai tsinka kunne, rikoda ta ɗauka, cikin wannan ƙarar duk lambobin suke. Daga nan sai ka mayar da kaset baya, ka danna maɓallin tantancewa, kibod ya saurara ya gaya maka ko abin da aka ɗauka daidai ne. In ya amsa, sai ka cire batir hankalinka kwance. Yaya ba ya taɓa tsallake wannan mataki. Sau biyu ma yake yi, ina yi masa tsiya ina ce masa mai waswasi. Kaset ɗin da ya adana sautukan a ciki kuwa, shi ma ruwan yoyon nan ya tafi da shi.

Rikoda biyu ne a kan kantata a makon nan, iri ɗaya, launi ɗaya. Ɗaya tawa ce ta aiki, lafiyarta lau. Ɗayar ta wani abokin kiɗan Kanari ce, wadda na sassauta wa roba da gangan don ta riƙa karkarwa yadda suke so. Ban sa wa ko ɗaya alama ba, don ni ai na san kayana. Na miƙa hannu na ɗauko ɗaya na jona. Tela kuwa ya sha yi mini ƙorafi cewa ƙarar nan tana sa masa ciwon kai, don haka na rage murya gaba ɗaya, ina kallon allurar awon sauti kawai tana motsi. Da na bar muryar, da kunnena ya ji rawar tun a daƙiƙar farko.

Kaset ya gama. Na kai hannu kan maɓallin tantancewa, sai ga wata mata ta shigo da rediyon mijinta tana sauri. Na sallame ta, na dawo, ƙarfen narka dalma ya riga ya yi zafi. Na ce a raina, sau nawa na yi aikin nan, yaushe ya taɓa ƙi? Minti uku ne kacal tantancewar take ci. Na cire batirin.

Na sa sabo, na kashe ƙugin, na goge allon ciki har yana ƙyalli. Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Sannan na mayar da kaset baya na danna maɓallin lodi. Kibod ya saurara, ya saurara, ya nuna alamar kuskure. Ban damu ba tukuna, na ƙara murya na sake. A nan ne na ji ƙarar tana hawa tana sauka kamar mai maye a kan hanya. Na duba rikodar, na juya bayanta, na ga sunan abokin Kanarin nan rubuce da biro. Na sauya zuwa tawa, na rage gudu, na ƙara gudu, na riƙe robar da yatsa. Kuskure, kuskure, kuskure. Na danna goma sha bakwai na taɓa kibod, sai wani ɓuuu mara kan gado ya fito, irin na tsohon firiji.

Na zauna a kan benci har rana ta juya ta shigo shagon. Tela ya leƙo ya tambaya ko lafiya, na ce masa lafiya lau. Ban taɓa jin na tsani hannuwana ba sai ranar.

Ranar Alhamis da safe ta zo da tasi tana jira a waje, ta riga ta kama situdiyo. Da murmushinta ta shigo, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ko barci ba ta iya yi ba don ɗoki. Na so in ce batirin ne ya mutu kafin in taɓa shi. Wallahi ƙaryar ta zo har bakina, kuma babu mai iya kama ni. Amma takardar nan mai rubutun Yaya tana gabana. Na gaya mata komai yadda ya faru, har da rikodar, har da matar rediyo, har da minti ukun.

Ba ta yi kuka ba. Ta danna goma sha bakwai da kanta, ta ji ɓuuu ɗin, ta ɗauke hannu.

"Duka, Baffa?"

"Duka."

Ta fita ta sallami mai tasi, ta dawo ta roƙi kaset ɗin. Injiniyan situdiyonsu ya yi mako biyu da shi a kwamfuta yana ƙoƙarin miƙe rawar, ya dawo da shi ya ce robar ta yi santsi a wurare da yawa, abin da bai hau kaset ba babu mai fito da shi.

Daga nan na shiga wautar da ta fi ta farko. Na ce zan sake gina sautin da kunnena. Na rufe karɓar aiki, na zauna ina murɗe-murɗe tun safe har la'asar, sama da wata guda. Wata rana na ji kamar na kama shi. Na aika aka zo da mamanta, wadda rabonta da shagona tun ranar da aka yi rasuwa. Ta zauna a kan benci da jakarta a cinya, na taɓa mata. Ta saurara har ya mutu, ta ce yana da daɗi, Allah ya saka da alheri, amma ba shi ba ne. Na tambaye ta me ya rage, ta ce ita ba ta san kiɗa ba, ta dai san ba shi ba ne. Ba ta faɗi kalma ɗaya ta zargi ba, har ta tambayi ciwon gwiwata. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Albam ya fito da waƙa tara. Ya karɓu, ba laifi. Samarin da ke shigowa shagona suna kunna shi a waya suna kaɗa kai, ɗaya har yana ce mini wannan shi ne ainihin sautin da, wai in saurara in tuna ƙuruciya. Dukansa da kwamfuta aka kwaikwaya, ina ji na sani. Wani ya nuna mini inda aka rubuta godiya, sunana na nan a layi na uku, "Baffana mai gyara". Na ce masa idona ba ya ganin ƙananan rubutu.

Bayan fitowarsa da mako uku ta zo. Ta kawo mini kwafi a kaset, don yanzu har a kaset suke bugawa saboda ƙawa. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta tambayi gida. Na tashi na ɗauko zanen gadon da ta kawo kibod ɗin a ciki, wanda na wanke na ninke tun tuni, na fara naɗe kibod ɗin. Ta ce in dakata. Ta sa farce a gefen 'yar takardar nan ta ɓamɓare ta a hankali, daga ɗaya har talatin da biyu, ba ta bari ko kusurwa ta yage ba. Ta ninke ta ta sa a cikin jakarta.

"Kibod ɗin fa?" na ce.

"Ka riƙe shi, Baffa. Babu kowa a ciki."

Ta ɗauki zanen mamanta ta tafi.

Yana nan a kan kanta, yana aiki lafiya lau, babu ƙugi ko kaɗan, batirin da na sa masa zai fi ni daɗewa a duniya. Samari sun sha tayawa na ce ba na sayarwa ba ne. Kullum da safe kafin tela ya buɗe nakan danna goma sha bakwai in ɗan murɗa wani abu. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, na saurari na ƙarya sau ɗaruruwa har ya danne na gaskiyar a kaina. Jiya na rufe ido na nemi sautin Yaya, na jira, sai nawa ya zo.