Gona Ɗaya, Gidaje Biyu

Dezső bai taɓa riƙe faran, kuɗin Suwizalan, a hannunsa ba, 'ya'yansa biyu ma haka. Amma da faran ɗin 'ya'yan suka ci bashin sayen gida, kowa da nasa. A shekarun da banki ke bin mutane har ƙofa da tayin bashi, ma'aikacin bankin ya ce musu ruwan bashin faran ya fi na forint, kuɗin ƙasarsu, sauƙi, kuma kowa a garin Tiszafüred shi yake ci. 'Yarsa Piroska ta sa hannu, ƙanenta Vendel ya bi sahu. Albashinsu kuwa da forint ake biyansu. Ba wanda ya tambayi abin da zai faru in faran ya yi tsada.

Ya kuwa yi. Daga forint ɗari da hamsin ya haura ɗari biyu da arba'in. Shekara huɗu suna biya, bashin ya fi yadda yake ranar da suka ci shi.

Sai gwamnati ta fito da doka: duk wanda zai iya biyan bashinsa dungurungum kafin ƙarshen Fabrairu, a lissafa masa faran a ɗari da tamanin. Mai abin hannu ya tsira ke nan. Marar shi, ya ji da kansa.

Dezső ya sayar da gonarsa ta bakin kogi, har da amyoyin zuma arba'in da ke cikinta. Rabin gari na sayar da kadara a watan, don haka maƙwabcinsa ya taya yadda ya ga dama. Abin da ya samu gida ɗaya tak zai fansa.

Ranar Lahadi ya kira 'ya'yan cin abincin rana, ban da miji, ban da mata. Sai da ya zuba wa kowa romon kifi sannan ya faɗi adadin.

"Baba, a raba biyu mana," in ji Vendel.

"A raba a kai wa wa? Banki ba ya karɓar rabi. Kai da ka yi makaranta, ba ka karanta takardar dokar ba?"

"Ya karanta," in ji Piroska, "irin karatun da ya yi wa takardar bashin."

"Ke har kina da baki, Yaya? Ke kika ja ni bankin. Har biro kika ara mini."

"Gida na ce ka saya. Ban ce ka haɗa da gareji mai cin mota biyu ba, kai da keke ma sai aro."

Dezső ya ƙwanƙwasa tebur da cokali. Kwana tara ya yi yana juya maganar, bai samo hanyar da ba za ta ƙona ɗaya ba. Piroska na da miji da yara uku. Vendel daga shi sai matarsa, kuma sana'arsa ta gyaran rufi ba ta mutuwa.

"Kuɗin na Piroska ne," ya ce.

Piroska ta sunkuyar da kai. Vendel ya ture kwanonsa gefe.

"Don ita ce babba?"

"Don ɗakin baya na gidan nan mutum biyu yake ci, ba biyar ba. In banki ya karɓi naka, kana da wurin kwana. In ya karɓi nata, ina zan zuba su?"

"Ko sun karɓe gidan, ragowar bashin na wuyana, Baba."

"Na sani. Ba ni da wata gonar."

Vendel ya jawo kwanon ya gutsuri burodi.

"Ɗakin nan har yanzu yana yoyo?"

"Yana yi. Ka zo da tsaninka."