Ɗumin Malam Sharhabilu

A Damri babu wanda bai san Malam Sharhabilu da ɗumin jiki ba. Ƙato ne mai sanyin hali, amma da zarar ya tashi daga tabarma kyanwoyin unguwa ke rige-rigen maye wurin. Da bazara kuwa, a sahun salla, mutane kan bar masa tazara har sai liman ya juyo ya yi magana.

Matarsa Taibatu daddawa take yi. Ta dafa kalwa, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, ta zuba a kwando ta lulluɓe da ganye da buhu, sannan ta ajiye a lungu ta jira ta nuna. Wani zubin ta yi kyau, wani zubin ta yi tsami ko fumfuna, a zubar bayan gida. Haka kowace mai daddawa ke fama, ba ta fi kowa ba.

Wata damina Sharhabilu ya faɗo daga babur a hanyar Bakura, ya yi targaɗe, ya kwanta. A makon ne ɗakin girki ya fara yoyo. Taibatu ta rasa inda za ta kai kwandonta, ta tura shi ƙarƙashin gadon mai jinya. Ranar da ta janyo ta buɗe, ƙamshin ya tsallaka katanga. Matan da suka shekara ba sa ga-maciji da ita suka shigo dubiya, kowace da ɗan kwanonta cikin mayafi.

Taibatu ba mai yarda da abu haka kawai ba ce, sai ta gwada. Ta ajiye kwando a kusurwar ɗakin, taku kaɗan daga gadon, ta yi tsami. Ta sa ƙarƙashin nata gadon, ta ƙi kamawa. Ta kira ƙanenta Sadi ya kwanta a gadon Malam, shi Malam ya koma zaure, daddawar ta fito kamar Sadin, ba ƙamshi ba ɗanɗano. Da tafiya ta yi tafiya har ta gano cewa ƙarƙashin gadon ma ba ɗaya ba ne. Ta wajen kai takan fito da laushi, irin wadda matan Talata Mafara ke so. Ta wajen ƙafa kuwa ƙarfi gare ta, mutanen Maradun ke yin layi a kanta.

Ƙafa ta warke, amma Sharhabilu bai tashi ba, don ba a bar shi ba. Shayi mai citta da safe, farfesu mai yaji da rana. Aka hana shi ruwan randa. Gonarsa ta shinkafa aka ba Sadi ya noma. Masu saye kan leƙo ta taga su gaishe shi.

"Malam, ina kwana? Ina gajiya? Ya ɗumi?"

"Ɗumi da godiya," yakan ce.

Wata Bafillatana ta zo da ƙwaryar madara tana roƙon a sam mata gefe ɗaya kindirmonta ya kwana. Wata tsohuwa daga Tsibiri ta aiko a tambaya ko ana ba da aron Malam. Taibatu ta kore su duka da muciya a hannu.

Gaskiya da farko abin ya yi masa daɗi. Shekara da shekaru yana fita yana dawowa ba a taɓa tambayarsa ina za shi ba, yanzu ko takalmi ya taɓa sai ya ji muryarta daga tsakar gida. Ya ɗauka so ne ya zo da tsufa. Abokinsa Bello mai gyaran babur ne ya ɓata masa lissafi, ranar da ya zo hira ya zauna a bakin gadon.

"Sharhabilu, yaushe za ka ƙyanƙyashe? Kazata ma in ta yi kwanci tana hita ta sha iska."

Bello ya yi dariyarsa ya tafi. Sharhabilu bai yi dariya ba. Tambaya ɗaya ta zauna masa a ƙirji ta ƙi tashi: shi Taibatu ke so, ko ɗuminsa?

Ran Talata ya saci jiki, ya ce bari ya je kasuwar Mafara ya ga abin da za ta yi. In ta biyo shi da kuka, to shi ne. Yana zaune cikin mota a tashar Bakura sai ga ta bayan ɗan acaba, mayafi na tashi. Zuciyarsa ta yi fari. Ta sauko, ta zagayo ta taga, ta miƙo masa kwando.

"Tunda tahiya ta kama ka, Malam, aza wanga bisa cinya. Kak ka bari iska ta taɓa shi. Ta wajen kai ta."

Haka ya rungumi kwando suka kama hanya. Kalwa ta ji ɗumi, ta fara aikinta. Kafin a yi nisa fasinjoji sun zuge gilasai, wani dattijo yana ta salati da hula a hanci. Direba ya tsaya, ya ba shi haƙuri cikin ladabi, ya sauke shi gindin wata bishiyar bedi. Nan ya wuni da kwando a cinya, ransa a ɓace. Daddawar ranar, in ji waɗanda suka saya, ba a taɓa yin irinta ba. Wannan ya ƙara ƙona masa rai.

Bai sake tambayar kansa ba, don a ganinsa ya samu amsa. Ya koma gado ya ci gaba da aikinsa.

Damina ta zagayo ta zo masa da zazzaɓi mai naci. Ya tashi daga ciwon ya rame, riga na yawo a jikinsa. Wata safiya ya taɓa tafin ƙafarsa ya ji shi kamar gindin tulu. Ya tashi daga tabarma, kyanwa ta shinshina wurin ta wuce abinta. Tsoro ya kama shi ƙwarai. In ɗumin ya tafi, da me ya rage a gidan nan?

Ya shiga ɓoye-ɓoye. Ya riƙa saka riga uku. Ya gasa dutse a murhu ya shige da shi cikin bargo, har ya ƙona katifa ya ce sauro yake kora. Kullum yana jiran ranar da za a janyo kwando a ji tsami. Ranar ba ta zo ba. Masu saye na ta zuwa, na Maradun na yabo, na Mafara na yabo. Ya ce a ransa, ashe da sauran wuta a jikin tsoho.

Wata la'asar carbinsa ya sulale ya faɗa bayan gado. Ya durƙusa yana lalube, hannunsa ya ture kwandon. Kwando ya tafi fiu, ba nauyi. Ya janyo, ya ɗaga buhu, ya ɗaga ganye. Ganyen ya bushe ƙayau. Ko ƙwayar kalwa ɗaya babu.

Ya fito tsakar gida da shi a hannu. Taibatu na bakin turmi tana daka.

"Taibatu, mi na wanga?"

Ta dubi kwandon, ta dube shi, ta ci gaba da daka.

"Kwando na."

"Na ga kwando na. Ina kalwar?"

"Tana bayan gidan burodi na bakin kasuwa. Bangon tanderunsu ya fi ka ɗumi, kuma ba shi tari."

"Tun yaushe?"

"Tun ciwonka. Ka huce, Malam. Zubi biyu munka yi asara."

Ya dubi kwandon da ke hannunsa. Riga uku, dutse, katifar da ya ƙona, duk a kan busasshen ganye.

"To don mi kika ta tura wanga ƙarƙashina? Don mi kika hana ni hita?"

Taɓarya ta tsaya. Taibatu ta goge goshi da bakin zane, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Da na hwaɗa maka, da ka ɗauki takalmanka. Kalwa ta samu wani wuri. Ni ina za ni samu? Shekara nawa ina daka ni ɗaya cikin gidan ga, ba mai ce min sannu ta taga."

Ta ɗaga taɓarya ta ci gaba, da ƙarfin da dakan bai buƙata ba.

Sharhabilu ya juya. Sannan ya koma ɗaki, ya mayar da ganyen, ya rufe da buhu yadda ya same shi, ya tura kwandon wurinsa, ya hau gado. Can ta leƙo ta taga ta gan shi yana share fuska da hannun riga.

"Mi ya samu idonka?"

Ya ce warin daddawa ne ya shige shi. Daddawar da rabonta da ɗakin tun damina.